Matar da ke Shinshina Ruwan Gari

Kullum da safe Evaristo mai gyaran koma yana ganinta a bakin tafkin da ake tace ƙazamin ruwan garin kafin a sake shi cikin teku. Gajeriya ce, da takalman roba har gwiwa, furfura na leƙowa ƙarƙashin malafarta. Ko sunanta bai sani ba. Takan ɗebi ruwan a kwalba, ta ɗaga shi saitin rana, ta shinshina a hankali kamar mai ɗanɗana miya. Irin wannan taka-tsantsan, yake ayyanawa, anya ba ta taɓa jinyar yaro saboda ruwa ba?

"Baiwar Allah, warin bai dame ki ba?"

Ta girgiza kai, ta nuna gaɓa da haɓa. "Jikokina can suke wanka. Gara hancina da cikinsu."