Ba Za Mu Ba Da Sunan Bukar Guduma Ba

Shekara goma sha ɗaya ke nan da muka kai yayana Bukar makwancinsa a Haɗeja, kuma bana ma, kamar bara, tsohon rubutun nan ya sake dawowa. Ina nufin wanda wani ɗan jarida ya yi a kan dambensa da Sale na Guri, tun muna samari. Matasa sun tono shi suna ta yaɗawa a waya, kowa na tofa albarkacin bakinsa. Wannan ya ce tsigar jikinsa ta tashi, wancan ya ce maza sun ƙare. Ni kuwa duk ranar da aka turo mini shi, abinci fita raina yake yi.

Ba zan yi wa marubucin ƙarya ba, ya iya alƙalami. Ya kawo filin kamar kana ciki: an gama yankan shinkafa, ruwa ya ja baya, ƙasar fadama ta tsattsage, masu kalangu suna kiran Bukar da Guduma. Ya faɗi yadda aka naɗe masa hannu da zare, da yadda ya sauke wa Sale hannun a gindin kunne, Sale ya zube. Nan marubucin ya rufe labari, ya hau motar Kano. Ni ne na riƙe wa Yaya riga a ranar, saboda haka na ga abin da ya biyo baya.

A wajenmu, wanda ya yi kisa, wato ya kai abokin karawarsa ƙasa, ba ya barin gari sai ya je masaukinsa washegari da goro, sun gaisa. Da muka je, muka tarar da Sale zaune a tabarma ya ba mu baya. Yaya ya yi ta sallama, shiru. Har na fara cewa girman kai ne, sai mahaifiyarsa ta fito.

"Ɗana, daina wahalar da bakinka," in ji ta. "Kunne ɗaya dama ƙyanda ta tafi da shi tun yana yaro. Ɗayan kuma kai ka tafi da shi jiya."

Daga ranar Yaya bai sake naɗa hannu ba. Ya koma sana'ar su, gadon gidanmu, zaren nan kuwa ya ɗaure gorar kamun kifi da shi har ya ruɓe a kogi. Ko da ruwa ya cika ya yanke hanyar Guri, sai ya shiga kwalekwale da bandar kifi ya tafi wurin Sale. Su zauna a inuwa suna hira da hannu har la'asar. Sau ɗaya na kira shi Guduma cikin wasa, ya yi mini kallon da ban sake ba.

Wannan rabin labarin babu wanda ya taɓa nema. Masu karatu suna son bugun, suna lasar baki a kansa daga kan kujera, mutanen da ko marin kirki ba su taɓa sha ba. Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce da ya ga ana yawo da ranar da ya fi tsana a duniya, ana yi mata ado da tafi. Ina jin gorarsa kawai zai ɗauka ya yi bakin kogi. Ni ban samu haƙurinsa ba.

Makon jiya wasu masu shirya wasanni suka same ni a rumfata. Wai za su yi gasar tunawa da Bukar Guduma, suna neman izinin iyali, da zaren hannunsa don a nuna wa jama'a, kuma za a karanta rubutun da lasifika kafin a shiga fili.

"Baba, tarihi ne," in ji shugabansu. "Mutane na son abin."

Na ce, "Sale fa?"

"Ai mun ɗauka ya rasu."

Na ce yana nan da ransa a Guri. Sai fuskar mutumin ta washe. "Madalla! Sai mu gayyato shi ya zauna a gaba, a ɗauki hoto."

Allah ne ya riƙe hannuna. Wato a ɗauko tsoho a zaunar da shi gaban taro, a karanta yadda aka kurmantar da shi, yana kallon bakunan mutane suna dariya bai san me ake cewa ba. Na ce su tashi su ba ni wuri. Ina maimaitawa a nan don kowa ya gani: ku yi gasarku da sunan wani, namu ba za mu bayar ba. Ba na gaba da dambe, a cikinsa muka tashi. Ina gaba da masu cin daɗin labari su watsar da mutanen da ke cikinsa.

In kuna son sanin abin da ya saura na Bukar, ga shi. Ranar jana'izarsa Sale ya iso a makare, ƙafafunsa duk laka, ana cikin mayar da ƙasa. Ya durƙusa a bakin kabarin don ya yi masa raɗa, amma kurma ba ya sanin ƙarfin muryarsa. "Bukar, na yafe maka tun tuni," in ji shi. Duk maƙabartar ta ji, ban da shi Salen.