Malam Sodangi, Mai Nema Mana Kayan Komawa

Ranar Talata, sha biyar ga watan Afrilun 2025, bayan la'asar, Allah ya karɓi abinsa. Malam Sodangi na Ƙofar Kware ya rasu a zaune kan bencin ofishinsa, hawan jinin da ya daɗe yana wasa da shi ya kayar da shi. Ni Luka, direban motar sanyi, ina Jebba ɗauke da kifin ƙanƙara labarin ya same ni. Kafin in iso Sakkwato an riga an kai ka makwanci, Malam. Ban ga fuskarka ba, kuma wannan abu yana cina har yau.

Ga wanda bai san sana'armu ba: motocinmu suna da injin sanyi a goshin bodi, muna ɗauko kifi daga Legas mu sauke wa 'yan kasuwar Sakkwato. Zuwan ba shi da matsala, kifi ba ya kwantai a garin nan. Komawar ce ciwon kai. Motar da ta koma Legas wayam asara ce, kuma mai motocin ya sha faɗa mana cewa ranar da aka rasa kayan komawa, ranar zai janye motocinsa daga wannan hanya. In ya janye, zamana a Sakkwato ya ƙare. Ni mutumin Zonkwa ne, amma a unguwar Minanata, nan Sakkwato, matata Comfort ta haifi yaranmu duka, Sakkwatanci suke yi har su yi mini dariya in na yi magana. Aikin Malam Sodangi shi ne haɗa mota da kaya. Shi ya riƙe mana hanyar, mu direbobi muna ta zaginsa a bayan ido.

Kai ka shawo kan mahauta, Malam. Kafin kai, shanu da rai suke turawa Kudu a tirela, su isa a rame, wasu su mutu a hanya. An taɓa gwada tura musu nama a motar sanyi, wani direba ya kashe injin a hanya don ya rage gas ya sayar, naman ya isa yana wari. Tun daga nan ko sunan motar sanyi ba sa son ji. Amma kai ɗan gidan mahauta ne, a kwata ka yi wayo, sun san ubanka, sun san ƙofar gidanku. Ka yi ta zarya har suka gaji da kai suka ce a gwada da mota ɗaya. Motata ce aka gwada da ita.

A nan ka fito da tsarin da ya hana mu sakat. Ina isa Jega wayata za ta yi ƙara. Ba gaisuwa mai tsawo, sai dai in ji muryarka: "Luka, sauka ka aza wayar ga injin, in jiya." Dole in faka, in fito cikin ranar da ke dafa ƙwaƙwalwa, in ɗaga hannu in kara waya a jikin injin kamar mai ba jariri magani. Haka a Yawuri, haka a Kwantagora, haka a Mokwa. Wata rana na fusata na ce, "Malam, ni ɓarawo ne?" Ka ce, "Ni ban ce ba. Aza dai." Sai daga baya na gane ba don kunnenka kake yi ba. Mahautan ne zaune a bencinka, ka buɗe musu murya, suna jin gurnanin injin daga nesa, sannan su tashi su koma bakin aikinsu hankali kwance. Na ji kunyar fushin da na yi, amma ban daina jin haushin saukowar ba, gaskiya ke nan.

Akwai ranar da bel ɗin injin ya tsinke mini gab da Yawuri, da rana tsaka, mota maƙil da nama. Nan take na kira ka. Abin da ka fara tambaya shi ne, "Kai lahiya kake?" Sai da na amsa sannan ka tambayi nama. Ban san wa da wa ka kira ba, amma ban daɗe ba na hango masu sayar da ƙanƙara na garin suna turo baro, bakanike na biye da su a kan babur. Kuma ba ka ɓoye wa mahautan ba. Tun ana cikin gyaran ka taka har kwata ka gaya musu halin da ake ciki, ka zauna tare da su sai da injin ya tashi. Naman ya isa lafiya. A makon da ya biyo baya mota biyu suka cika.

Ba nama kaɗai ka sani ba. Kirsimeti ba ta taɓa riskata a hanya ba tun da ka karɓi ofishin nan, kamar yadda Sallah ba ta riskar Abdulrasheed da sauran abokan aikina Musulmi. Kana tsara mu kana tsokana: "Tahi ka ci shinkaharka, Sallah na nan tahe, za ka biya." Lokacin da aka kwantar da 'yata Asabe ina Ibadan, matarka Malama Bara'atu ka tura ta zauna da Comfort a asibiti, ba ka ma gaya mini ba sai da yarinyar ta fara cin abinci.

Mun gaji, Malam, kai ma ka san mun gaji. Ramukan hanya sun cinye mana baya, shingaye sun cinye mana haƙuri, gas kullum ƙara tsada yake, ga fargabar daji wadda ba a ma son ambatonta. Kai ba ka tuƙi, amma kowace tafiya da kai ake yin ta. Na sha ganinka da jajayen idanu, waya biyu a hannu, abincinka ya huce a gefe. Comfort ta taɓa ce maka ka je a auna jininka, ka ce sai motocin sun iso. Motocin kuwa ba sa gama isowa, wata na shigowa wata na fita.

Mai motocin ya kira ni ya yi gaisuwa, kafin ya ajiye waya ya tambayi maganar kayan komawa. Ban ga laifinsa ba, dukiyarsa ce. Ya turo wani mutumin kirki, Malam Junaid, da na'urar da ke nuna sanyin mota a fuskar waya. Na'urar ba ta ƙarya, ni shaida ne, ta ma fi kunne. Bayan an tashi zaman makoki na raka shi kwata wurin Alhaji Tambari, babban mahautan da ke ba mu kaya. Ya karɓe mu da mutunci, ya duba wayar ya jinjina kai, sannan ya juyo gare ni. "Luka, ba mu ƙi ka ba, mun san halinka. Amma da Sodangi munka yi magana. In nama ya ɓaci, ƙohwar gidan wa za mu tahi?" Ya ce za su koma tura shanu da rai har su ga yadda ta yiwu.

Allah ya jiƙanka, Malam Sodangi. Allah ya yafe maka kurakuranka, ya sanyaya makwancinka, ya ba ka hutun da ba ka samu a wurinmu ba. Ina miƙa ta'aziyya ga Malama Bara'atu, da 'ya'yanka Aminullahi da Nuriyya, da dangi na Ƙofar Kware, da mahautan kwata, da 'yan'uwana direbobi. Allah ya ba mu haƙurin rashinka baki ɗaya.

Gobe zan kama hanyar Legas, ba komai a bayana. Ban sani ba ko za a sake turo ni. Ɗazu Comfort ta tambaye ni ko ta kai wa tela ɗinkin kayan makarantar yara na zango mai zuwa. Na ce mata ta dakata tukuna.