Shelar Nasidi Ta Shiga Waya

A garin Kaya, ta ƙasar Maradun, gidan su Nasidi aka sani da shela. Mahaifinsa ne ke zagaya gari a ƙafa, ya tsaya a mararraba ya ɗaga murya, ya faɗi ranar gyaran hanya ko zuwan masu allurar shanu. Nasidi ya gaji muryar nan, mai kauri da amo.

Da tsohon ya rasu, Nasidi ya je Talata Mafara ranar kasuwa ya sayo lasifika da batir, ya ɗaure a keke. Dattawa ba su so abin ba. Liman Abdulhadi ya kira shi zaure ya ce, "Ubanka da maƙogwaro nai ya yi aikin ga. Kai ƙarfe za ya yi maka magana?"

"Allah gafarta malam, ni ka magana," in ji Nasidi. "Shi dai kai ta yaka yi inda ba ta isa."

Liman ya yi murmushi ya sallame shi. Ba a jima ba matan cikin gida suka fara jin sanarwa da kunnensu, ba sai maigida ya dawo ya gutsuro masu ba.

Sai wayar salula ta cika gari. Kowa da labarinsa a aljihu, gaskiya da ƙarya a cakuɗe, aka daina neman mai shela. Abin ya dami Nasidi ƙwarai, har 'yarsa Raliya, wadda ta gama sakandaren garin, ta nuna masa yadda ake danna waya a yi magana a tura. Ya fara aika shela da murya ga manoman rani, daga Maradun har Bakura. Sharaɗinsa ɗaya, ba ya tura abin da bai tabbatar ba.

Wata damina aka kwana biyu ana sheƙa ruwa. Saƙo ya bazu cewa madatsar ruwan yankin ta ɓalle. Mutanen ƙauyukan bakin gulbi suka fara ɗaure kaya, wasu har sun kora awaki sun hau hanya. Nasidi ya ari babur, ya ratsa taɓo ya je ya duba. Daga can ya danna waya.

"Jama'a, Nasidi na Kaya ne. Ga ni tsaye gaban madatsa, lafiyarta lau. Amma gulbi na hawa. Mai injin ban ruwa ko taki a fadama ya je ya kwashe."

Kafin la'asar saƙon ya kai har garin Ruwan Gizo. Masu gudu suka juyo gida, manoma suka kwashe injinansu kafin ruwa ya shafe fadamar. Tun daga ranar, in aka kawo labari a yankin, sai ka ji an tambaya, "Nasidi ya faɗa?"

Yanzu ya tsufa, muryar ta fara rawa. Raliya ce ke shelar mata daga ɗakin aurenta, ranar awon ciki, suna, rabon iri. Ba a taɓa mace mai shela a zuriyarsu ba. In saƙonta ya shigo, Nasidi yakan ƙure ƙarar wayar a majalisa, ya bari a ji har ƙarshe, sannan ya ce, "Ɗiyata ce."