Sallamar da ta cinye mana teku

Can wasu shekaru baya, lokacin da na sayi wata tsohuwar mota nake jin kaina, na yi wa matata alkawarin zan kai ta ta ga teku. Ma'aikaciyar jinya ce, tun da muka yi aure ba ta san wani abu wai shi hutawa ba. A shekarar hutunmu ya zo lokaci ɗaya, yayarta ta karɓi yara. Na zauna na tsara hanya kamar wani tsohon direba: mu hau Jos mu zaga gonakin inabi da kayan marmari, mu gangara har Kalaba bakin ruwa, a dawowa mu ratsa daji mu kwana inda ba wanda ya san mu.

Ta ce, "Baban yara, mu sulale kawai. In mun isa ma buga waya."

Na ce haba, ɗan Ƙofar Ran guda ya bar garin Bauchi bai yi sallama ba? Ai sai a ce mota ta sa min girman kai.

Mahaifiyata na fara zuwa. Ta sa albarka, sannan ta ce, "Tunda ta Lafiya za ku bi, ka tsaya ka gaida kawunka. Ga kuka da daddawa ka kai masa." Gwaggona ta Gwallaga ta ƙara da buhun gero da kaji. Maƙwabcinmu, mutumin Bogoro, wanda ko fita zan yi shi nake bar wa gida, ya ce, "Oga, Mama za ta Akwanga wajen jikokinta, a taimaka." Da wane baki zan ce a'a? Tsohuwar tana fama da gwiwa, don haka ita ta zauna gaba. Matata ta koma baya, kwandon kaji a gefenta.

Jos ko tsayawa ba mu yi ba, mota na juya wa Mama kai. Gonakin ta taga muka gaisa da su.

Muna isa Lafiya muka tarar ana shirin auren ɗan kawu. Yana ganin motar ya ɗaga hannu, "Allah ne ya kawo ku!" Daga ranar na zama direban biki: kasuwa, tasha, ɗauko amarya, mai da 'yan rakiya. Matata kuwa tana gindin murhu, da mata suka ji aikinta sai suka yi mata layi, wannan hawan jini, waccan ciwon baya. Kullum da safe sai ta dube ni, ni kuma in ce gobe. Da na yi ƙarfin hali na je wa kawu da maganar tafiya, dariya ya yi. "Teku gudu zai yi? Ku bari a watse mana."

Kafin a watse, hutun ya watse. Muka juyo Bauchi da buhun doya da wasu tsofaffi biyu, jikina kamar an yi min duka.

Kunya ta sa ranar Lahadi na ɗauke ta muka je madatsar ruwa ta Gubi, wai ko ta rage zafi. Ta tsaya ta daɗe tana kallon ruwan, sannan ta ce, "Ai ina hango wancan gefen. Mu je gida, gobe aikin safe gare ni."

Ban ga laifin kowa ba a cikinsu, zumunci suka sani, ni ma shi aka koya min. Amma na gane cewa a wurinmu in ka ce hutu za ka, ji ake kamar ka ce ba ka da aikin yi, kuma kowa yana da wanda zai ba ka. Duk lokacin da na tuna, gajiyar tafiyar nan sai ta dawo min sabuwa.

Bana na sake ɗauko maganar, na ce wannan karon ba wanda zai ji. Tana ninke kaya, ko ɗagowa ba ta yi ba.

Ta ce, "Bar shi, Baban yara. Na gaji da sa rai."