Hannun Dogo Inci Ashirin da Bakwai Ne

Tela bai taɓa yarda da awon da aka turo ta waya ba. Shekara talatin da huɗu yana taka keke a shago ɗaya, ƙarƙashin bene, tef a wuya, alli a bayan kunne, kuma a ganinsa duk wanda ya auna kansa maƙaryaci ne. Mai tumbi zai rage inci uku, gajere zai ƙara biyu, idan riga ta ƙi shiga kuma a ce tela ne bai iya ba. Yanzu kowa sai ya turo hoto da lambobi ya ce a ɗinka masa irin wannan. Shi kuwa amsarsa ɗaya ce: mai jiki ya kawo jikinsa. Abokan sana'a suka kwashe masa rabin masu kawo ɗinki, ko a jikinsa.

Mutum ɗaya ya ɗage wa wannan doka, ɗansa Dogo, mai aikin gini a wani gari mai nisan kwana guda a mota. Dogo a shagon ya tashi, ya san yadda ake riƙe tef.

Wata uku ke nan Dogo bai kira ba, sai saƙo a rubuce. Kullum lafiya lau, aiki ne ya yi yawa, sabis ba kyau. Uwarsa ta gamsu, har tana nuna wa maƙwabta hotonsa da aka turo yana dariya. Tela ya ƙura wa hoton ido ya ce rigar da ke jikinsa ɗinkin bara waccan ce.

"Malam, kai dai ba ka rabo da zargi," in ji matarsa. "Ko ruwa aka ba ka sai ka leƙa ƙasan kofi."

Ya sa ta rubuta wa Dogo cewa an yankar masa yadi, ya turo sabon awo. Kafin la'asar lambobi suka iso. Tela ya jawo tsohon littafin awo, ya buɗe shafin Dogo, ya ɗora yatsa. Wuya ya ƙaru, wannan ba komai, mutum yana ƙiba. Amma hannu ashirin da huɗu, alhali na Dogo ashirin da bakwai ne tun yana ɗan shekara goma sha tara.

"Mutum yana ramewa, yana ƙiba," ya ce wa matar, "amma ban taɓa ganin baligin da hannunsa ya gajarce ba. Wanda ke riƙe da wayar nan ba ɗanmu ba ne."

Da safe ya rufe shago ranar aiki, abin da bai taɓa yi ba, ya hau mota. A hanya babu mugun tunanin da bai zo masa ba. Wanda ya buɗe masa ƙofar ɗakin Dogo wani kakkauran saurayi ne, abokin aikinsa. Kallo ɗaya Tela ya yi wa hannunsa ya gane mai awon. Saurayin ya durƙusa.

"Baba, ka yi haƙuri. Daga saman gini ya faɗo, yana asibiti. Shi ya ce in riƙa amsa muku, kada hankalin Mama ya tashi. Da kuka nemi awo na rasa yadda zan yi, sai na auna kaina."

A asibiti Tela ya tarar da Dogo kwance, ƙafa a rataye, haƙarƙari a naɗe, ya zama kamar ba shi ba. Duk faɗan da Tela ya tanado a mota ya bi ruwa, tausayi ya kama shi.

"Baba, da na kira, muryata za ta tona ni," in ji Dogo a hankali.

Tela ya zare tef daga wuyansa. Ya auna wuyan ɗansa, ya ga inci biyu sun tafi. Sannan ya ɗora tef daga kafaɗa zuwa wuyan hannu, ya daɗe yana kallon lambar.

"Ashirin da bakwai," ya ce. "Kira uwarka, ta ji da kunnenta."