Mai Sikeli a Rumfar Tumatir

Daga tagar ofishin kasuwar Parakou, Worou magatakarda yana kallon wata baƙuwa siririya mai cinyayyen takalmi, riƙe da sikeli. Da gani aiko ta aka yi ta auna abincin da talaka ke samu, kuma adadi guda tak takardarta ke nema.

Ta auna tumatirin da mutum uku suka saya a rumfar wata tsohuwa, Baké: kuɗi ɗaya, nauyi iri uku.

"Inna, wanne ne gaskiyar?"

"Ya danganta da gaisuwa, 'yata. Wanda ya tambayi jikokina, gyara biyu. Ke da kika fara da sikeli, ko ɗaya."

Takardar ba ta da gurbin gaisuwa. Baƙuwar ta durƙusa. "Inna, ya jikoki?"

Baké ta ɗora tumatir biyu. "To, sake awo."