Goran Irin Albasa

Shekarun baya can, zamanin mulkin Nasara, aka zo Wurno ɗibar samari zuwa yaƙin da Turawa ke yi tsakaninsu. Maigidana na cikin waɗanda aka tafi da su, ina goyon ɗanmu na fari.

Ranar tafiya bai yi doguwar magana ba. Wani ɗan gora ya miƙo mini, an toshe bakinsa da tsumma. Ya ce, "Irin albasar babana ne, babu irinai duk fadamar ga. Ki aje mani har in komo."

Ni kuwa 'yar Giyawa ce, 'yar masu gero. A gidanmu in aka ce ajiya, rumbu ake sa abu a liƙe, ya yi shekaru bai san an yi ba. Sai na rataye goran a ƙuryar ɗaki, ko ƙuda ban yarda ya sauka a kansa ba.

Gida ya rage daga ni sai Inna uwar mijina, sai jariri. Maigidana ne ɗanta na fari, don haka ba ta faɗin sunansa. Ni matarsa ce, ba na faɗi. Ita ta ce "yaron nan", ni in ce "shi". Haka sunansa ya ɗauke daga gidan kamar ba a taɓa raɗa shi ba. Ran kasuwar Achida nakan aika a jiyo mini labari. Wani ya ce an sa su a jirgin ruwa, wani ya ce ƙasar sunanta Bama. Ni a zatona gaban Gusau take kaɗan. In kewa ta ishe ni, sai in sauke goran in girgiza, in ji irin yana motsi, in mayar.

Da damina ta biyu ta ɗauke, mutane suka fara renon albasa, Inna ta kira ni.

"Ɗiyata, mi kika jira da goran ga?"

"Inna, ajiya ce. Cewa ya yi har ya komo."

"Ɗiyar masu gero ke nan! Kin ɗauka dame ne? Irin albasa in ya wuce shekara mutuwa shika yi cikin gora, ke kina nan kina share mai ƙura."

Gabana ya faɗi. Na ce, "To Inna, mi ya hana ki gaya mani tun bara?"

Ta ce, "Ni ma ban so a buɗe shi ba."

Sai na gane ashe mu biyu ne muke jin buɗe goran nan kamar sallamawa ne cewa ba zai dawo ba. Amma muka buɗe. Muka zuba ƙasa da taki a fasasshiyar tukunya bayan ɗaki, muka watsa irin duka. Kullum ina yayyafa ruwa, ƙasa shiru. Har na fara tunanin abin da zan gaya masa. Can dai wasu 'yan kaɗan suka leƙo, sirara kamar allura. Na kewaye su da ƙaya saboda kaji, na dasa su kusa da rijiya. Kawunan da suka yi ko ɗaya ba mu sa a miya ba. Da sanyi ya kewayo muka sake binne su, suka yi fure, muka karkaɗe baƙin irin, goran ya cika fiye da da.

Yaƙi ya ƙare. Wasu sun dawo da manyan takalma da labarin ƙasashe. Wanda na aika a tambaya cikinsu ya ce a wani asibitin soja suka rabu da maigidana, bai san bayan nan ba. Har Inna ta rasu, babu wanda ya zo ya ce mana ya mutu.

Yanzu in na ji rediyo na maganar wani sabon yaƙi a wata uwa duniya, sunan ƙasar ba ya zama a kaina. Matan da aka bar wa ajiya nake tunawa. Gobe kuwa ban san abin da za ta zo da shi ba, na dai koyi cewa abin da ake son ya kai ta, ba a ƙuryar ɗaki ake rataye shi ba.

Ɗana ke noman albasar nan yau. Duk shekara yana kawo mini sabon iri, in juye tsohon in ba shi, in cika goran. Bana ya yi dariya ya ce, "Inna, wai wa kike aje wa?"

Na ce, "An ce in aje ne. Ba a zo an karɓa ba."